Fim Ɗin Ranar Juma'a

Mwajabu ta ɗaga jiƙaƙƙen fim ɗin wajen hasken taga, ta ji kamar ta yi jifa da shi. Karo na uku ke nan. Ƙasan kowane hoto ya fito tsaf: zannuwa, takalma, har kajin tsakar gida. Sama kuwa fayau, kamar an goge. Matan layinsu na Ngamiani duk sun fito ba kawuna.

"To, malamar kimiyya," in ji Bi Mwanaidi, matar maƙwabcinsu Mzee Kombo, tana kankare kwakwa a bakin ƙofa. "Yau ma kin yanka mu?"

"Zan gano, Mama."

"Shekara talatin Mzee yana wankin hoto a banɗakin nan, bai taɓa sare wa kowa kai ba. Kuma ko aji huɗu bai gama ba."

Tun tana sakandare Mwajabu take shigowa gidan, Mzee ya naɗa fim a wili cikin duhu, ya rufe a gwangwani, ita ta zuba magani ta kula da lokaci. Mazan unguwa sun yi dariyar mace mai wankin hoto har sun gaji, ba ta fasa ba. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, aikin ya dawo hannunta, ga fim ɗaya a aljihunta da take tsoron taɓawa. Mutumin da ya ɗauki hoton rabin garin Tanga bai taɓa yarda an ɗauke shi ba, sai da 'yarsa Zuwena ta rubuto daga Maskat cewa shekara goma sha ɗaya ke nan rabonta da shi, fuskarsa ta fara ɓace mata. Ranar Juma'a ya zauna a dakali, Mwajabu ta ɗauke shi a wannan fim ɗin. Washegari ya kasa tashi.

Ta shiga ɗakinsa. Ya rame har hannunsa ya koma kamar kara, sai tsohon agogonsa da ke maƙale a wuyan hannun.

"Baba, duba. Na sa ƙanƙara na daidaita zafin ruwa. Na haɗa sabon magani, na auna sau biyu. Na juya gwangwanin yadda ka koya mini."

Ya daɗe yana kallon fim ɗin. "Haske ke shiga."

"Da haske ne ai baƙi zai yi."

"To ruwan famfo ne."

"Da ruwan sama na yi."

"Zuwena, kin toshe tagar?"

"Mwajabu ce, Baba."

"Na sani, ja'ira. Ƙarfe nawa?"

Agogon na hannunsa, amma ita yake tambaya. Ta fito kanta a ɗaure fiye da yadda ta shiga. Kwana biyu tana cika takarda da lissafi, tana sokewa.

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Da maza suka ɗauke shi bayan azahar, Bi Mwanaidi ta jawo Mwajabu daga cikin matan da ke zaune, ta danƙa mata agogon.

"Ya ce naki ne. Wai ki daina aron na mutane."

A jikin maɗaurin agogon akwai wani ɗan baƙin zoben roba, yana warin maganin wanki.

"Mama, wannan fa?"

"Da ya fara ramewa agogon ke zame masa. Ya lallaɓa banɗaki ya ɗauko wannan ya maƙale."

Mwajabu ta tsaya cak. Ta ɗauko gwangwanin, ta zura zoben a sandar da ke tsakiyarsa, ya zauna daram a kan wilin. Ashe shi ke danne wilin. In babu shi, da an kifa gwangwani wilin ya zame sama ya tsaya can, gefen fim ya fita daga cikin magani. Kullum cikin duhu Mzee ke saka shi, ba ta taɓa gani ba.

Ta nufi banɗaki.

"Yanzu?" in ji wata dattijuwa. "Ko ƙasa ba a gama rufawa ba! Wannan bokon dai ya cinye ki."

Mwajabu ta ja ƙofa, ta rataya bargo. Ta ciro fim ɗin ranar Juma'a daga aljihu, ta naɗa a wili, ta danne da zoben. Minti tara, da agogonsa.

Da ta fito ta rataya fim ɗin a igiyar shanya, ta kasa dubawa. Bi Mwanaidi ce ta taso, ta ƙanƙance ido. Ga dakali, ga kafaɗu, ga hula har samanta.

"Kansa na nan," ta ce. "Amma gemun ya fito baƙi wuluk."

"Haka yake kafin a buga a takarda, Mama. Gobe zan mayar masa da furfurarsa."

"Bar shi haka tukuna. Da aka kawo ni gidan nan, haka gemun yake."

Suka tsaya su biyu a gaban igiyar. Ruwa ya taru a wutsiyar fim ɗin, ya ɗiga a kan siminti.