Na Goma Sha Ɗaya

"Na ɗauki Kurege."

Muryar Auta ce, ƙanin mijina, take fitowa daga wayar da aka jingina da butar shayi a kan teburinmu. Ina gefe ina ninke kayan yara, amma kunnena yana wajen. Maigidana ya gyara zama, ya ma saka riga mai wuya kamar wanda za a yi wa tambayoyin ɗaukar aiki. Hannunsa na dama yana kan tebur, yatsu uku da tabon biyun da injin yankan katako ya tafi da su wata huɗu da suka wuce.

"Ni kuma Direba," in ji ɗaya kyaftin ɗin, wani mai kakkaurar murya da suke kira Mai Gemu.

Wasan yaƙi ne na waya, mutum biyar-biyar. Duk yamma bayan an tashi daga aiki sukan taru a wani ɗaki na cikin wasan, kowa daga inda yake, kyaftin biyu su riƙa zaɓen mutane bi da bi. A ranar nan su goma sha ɗaya ne, ke nan dole ɗaya ya zauna. Ita ce kuma ranar farko da maigidana ya koma cikinsu tun bayan haɗarin.

Sunaye suka yi ta raguwa a allon wayar. Duk wanda aka kira sai maigidana ya gyaɗa kai, wai zaɓi ya yi kyau. Can sai ga saura mutum biyu, shi da wani da ya shigo makon jiya, wanda ko laƙabi ba su gama raɗa masa ba. Zaɓen ƙarshe kuwa na Auta ne, tunda Mai Gemu ne ya fara. Na ajiye rigar da ke hannuna.

Auta ya yi gyaran murya. "Yaya, ka ɗan huta yau, an canza abubuwa da yawa a wasan. Na ɗauki sabon nan."

Maigidana ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora. "Ba komai. Ai doka ce, wanda ya zauna yau shi ake fara ɗauka gobe."

Ya san dokar, don shi ya kafa ta.

* * *

Ba zan yi ƙarya ba, na tsani wasan nan. Shekara huɗu ina magana da ƙeyar mutum. Abinci ya huce, yara su kawo aikin makaranta a ce su bari a gama zagaye ɗaya, zagayen da ba ya ƙarewa. Da a ce ana kai ƙarar waya, da tuni alƙali ya gaji da ganina.

Amma ko ni da nake adawa na san maigidana shugaba ne a can. Shi ya buɗe ɗakin, shi ya tara su, daga mai gadi har ma'aikacin banki, yawancinsu bai taɓa ganin fuskarsu ba. Yana da wata ɗabi'a da take ba su haushi: in shi ne kyaftin, da mafi rauni yake fara zaɓe. Yakan ce gwani ko'ina zai sami gida, rago ne yake buƙatar a kira sunansa. Shekara guda cur ragon nan Auta ne. Ko bango aka tsayar masa sai ya kuskure. Nakan tsokane shi in ce, "Ƙanin miji, yau sau nawa aka binne ka?" Shi kuma ya ce, "Matar Yaya, ki bar ni da abin da ya dame ni." Tun yana ɗan shekara tara mahaifinsu ya rasu, a hannun maigidana ya tashi, yanzu ga shi da gemunsa yana aiki a shagon gyaran waya, yana zaune a ɗakin da ke samanmu. Daga gadon asibiti maigidana ya miƙa masa ragamar ɗakin wasan, ya ce ya riƙe masa kafin ya dawo.

Da aka sallamo shi, wani mutum daban aka dawo mini da shi. Ba ya magana, ba ya fita, in abokan aikinsa sun zo dubiya sai ya cusa hannun a ƙarƙashin matashi. Likitar gashin ƙashi ta ce in bai riƙa motsa sauran yatsun kullum ba za su sandare, aikin kafinta kuma sai dai ya gani a hannun wasu. Ya ƙi. Sai da ta ji labarin wasan ta ce ai shi ma motsa yatsu ne, sannan na ga idonsa ya ɗan yi haske.

Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. Ni da nake tsine wa wayar nan, ni na koma mai saka ta a caji. Mako shida yana gwaji shi kaɗai, gumi na zuba, yatsan tsakiya yana koyon aikin ɗan'uwansa da ya tafi. Yatsun suka fara lanƙwasuwa. Har cokali ya koma riƙewa da dama.

* * *

Washegarin ranar da aka bar shi, tun ƙarfe biyar saura ya jingina wayar. Ɗakin wasan wayam. Ya jira har shida da rabi, sai ga saƙon Auta: yau kowa ya shagala. Kashegari aka ce Direba ya yi tafiya. Rana ta uku ma ba a wahalar da kai wajen kawo dalili ba.

Kullum sai ya saka rigar nan ya zauna. Ni kuma, da yake ban san kan abin ba, sai in riƙa ba shi baki ina cewa mutane ne da hidimominsu.

A rana ta tara na hau sama shanya. Igiyar tana daf da tagar Auta, tagar kuma a buɗe. Ina cikin matse zanen gado na ji shi, da muryar nan tasa ta masu iko.

"Na ɗauki Kurege. Mai Gemu, saura kai."

Na tsaya da zanen a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafata. Na ji an kira Direba, an kira sabon nan, an kira duk sunayen da na haddace ba da sona ba. Goma cif, babu wanda ya zauna.

Ban yi sallama ba na tura ƙofar. Yana kwance rigingine, waya a sama da fuskarsa. Da ya gan ni ya zabura ya kashe abin maganar.

"Matar Yaya, lafiya?"

"Ita ta kawo ni. Wane ɗaki ne wannan?"

Ya sosa ƙeya. "Wani ne dai muka buɗe. Na wucin gadi."

"Yayanka yana ƙasa ya saka riga yana jiranku."

"Ki fahimce ni. In mun koma can, doka ta ce shi za a fara ɗauka. Kuma wallahi duk ɓangaren da yake sai an ci su, hannunsa ba ya sauri. Mutane suka ce za su watse. Ni ke riƙe da ɗakin nan, ya zan yi? Ban so in faɗa masa ya ji ciwo."

"Kofi ake ba ku in kun ci?"

"A'a, wasa ne kawai."

"To in wasa ne kawai, me zai ragu a jikinku in an ci ku? Shekara guda yana fara kiran sunanka ana cin su saboda kai, ka taɓa jin ya buɗe wani ɗaki?" Na nuna shi da yatsa. "Kaza, ci ki goge bakinki. Kai wasa kake yi, shi hannunsa yake nema."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka kunya ce, sai na lura allon yake leƙe, an fara zagaye ba shi. Ban taɓa jin na raina mutum kamar yadda na raina shi a lokacin ba.

* * *

A kan matakala na shirya ƙaryata tsaf. Zan ce Auta ba ya nan, ƙofarsa a kulle.

Na tarar da maigidana inda na bar shi. Kafin in buɗe baki ya ce, "Har ƙasa ana jin muryarki."

Ya juyo mini da wayar. Jerin sunayen abokansa ne, kowane da ɗigon kore a gefensa, a ƙasa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa yana cikin wasa.

"Ana iya ɓoye wannan," ya ce a hankali. "Ban taɓa koya musu ba, don ban ga ranar da za mu buƙace shi ba. Tun ranar farko nake ganinsu."

"Shi ne kake zama kullum?"

"Na ce ko ɗaya daga ciki zai tuna."

Wayar ta yi ƙara. Gayyata ce daga Auta. Ban san lokacin da na dafa kafaɗarsa ba, har na fara cewa a raina ashe yaron yana da sauran kunya. Maigidana ya goge tafinsa a wando, ya matso da kujera, ya danna.

Filin yaƙin ya buɗe, amma babu maɓallan da yake dannawa, babu ɗan sojansa. A saman allon an rubuta: ɗan kallo.

Ya daɗe yana duban kalmar. Na jira ya kife wayar, ko ya yi zagi, ko ma ya hau sama. Bai yi ko ɗaya ba. Idonsa ya bi sojan Auta da yake gudu tsakanin wasu gine-gine, can sai na ga ya ɗan miƙe daga kujera.

"Hagu, Auta! Akwai mutum a bayan motar nan. Hagu na ce!"

Sojan ya yi dama, ya faɗi.

"Ba ya jin ka ne?" na tambaya.

"Ba a jin 'yan kallo," ya ce.

Ya koma ya zauna. Hannun ya sauka daga tebur zuwa cinyarsa, yatsun uku a miƙe. Da aka fara sabon zagaye ya ci gaba da faɗa wa ƙaninsa inda zai bi, ƙasa-ƙasa, ni kaɗai nake ji.