Hannun da Dogo Ya Ɓoye a Aljihu

Ni mutum ne mai faɗa, wannan ba sai an kira shaida ba. Shekara ashirin ina riƙe da shagon kafinta, mu biyar, har da ƙanena Dogo, uwa ɗaya uba ɗaya. Kullum cewa nake faɗana na gyara ne, in na yi ya wuce. Ashe a wurina kaɗai yake wucewa.

Ran Litinin na ga Dogo yana goge ƙyauren ƙofa da hagu, hannun dama a aljihu. Na ce, "Kai, gayu ka zo yi ko aiki?" Ya yi murmushi kawai. Talata ma haka. Laraba da hantsi yana cikin awo sai ya jingina da bango, gumi na karyo masa, ya sulale ya zauna cikin garin katako. Tsohon da ke yi mana fenti ya zaro hannun daga aljihu. Innalillahi! Injin zarto ya tsaga masa babban yatsa, ya naɗe da tsumma, ya kumbura suntum har yana wari.

A asibiti wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta kwance tsumman. Ta ce, "Kwana nawa?"

Dogo ya ce, "Uku."

Ni kuwa na ɗauko faɗa daga sama. "Kwana uku! Kai wane irin..."

"Malam, dakata," in ji ta, ko kallona ba ta yi ba. Ta ce wa Dogo, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai. "Murfin zarton na cire don in yi sauri, kuma Yaya ya hana. Na ce bari ya warke tukuna."

Sai a lokacin ta dube ni. "Magidanci ya gwammace yatsansa ya ruɓe da ya ji muryarka. Je ka zauna a waje. Likita zai duba ko yatsan zai tsira."

Na fita kamar an watsa mini ruwan sanyi. Kafinta ba babban yatsa, ina zai riƙe guduma? 'Ya'yansa uku. Na lalubi wanda zan yi wa faɗa, ban samu ba. Mai fenti na gefena a kan benci, na ce, "Baba, don Allah haka nake?"

Ya ce, "In faɗa?"

"Faɗi."

"Makullanka muke kallo da safe. In ka rataye su a ƙusa, mai magana ya yi maganarsa. In ka jefa su kan tebur, ranar ko gobara ce mu kashe abinmu."

Wallahi ban san ina jefa makullai ba. Kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da tsohon.

Yatsan ya tsira, Alhamdulillahi. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya, sai dai yanka. Matar nan ban ko tambayi sunanta ba, amma ba na rasa yi mata addu'a. Ta faɗa mini abin da mutanen da nake ciyarwa da waɗanda suka haife ni ba su faɗa ba, kuma na gode.

Da Dogo ya dawo aiki, hannu a ɗaure, na ce ni ne hannunsa na dama har ya warke. Shi yana awo yana zana layi, ni ina riƙe masa katako. Rana ta uku hankalina ya tafi wani wuri, katakon ya goce, layin ya karkace.

"Haba Yaya, ka riƙe da kyau mana!" Ya daka mini tsawa.

Mai fenti ya tsaya da buroshi a sama. Shi kansa Dogo ido ya zaro, ya ja baya kaɗan.

Na gyara riƙo, na ce, "To. Sake zanawa."

Tunda nake, ba a taɓa yi mini faɗan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.