Yanken da Jirgi Ya Bi

Tun da jirgin ya ɗaga Baba Direba bai runtsa ba. Ina zai runtsa? Mutumin da ya tsufa a kan sitiyarin tirela, yau ga shi a sama karon farko, tafiyar kuma ba ta wasa ba, daga wannan bangon duniya zuwa wancan. 'Yarsa tilo ce a can, haihuwa yau ko gobe, uwarta ta rasu, ba ta da kowa sai miji. Abu ɗaya ta roƙa a waya: "Baba, ina so kana kusa."

Murna ta hana shi sakat. Ya taɓa wannan, ya latsa wancan, ya sha shayi ya nemi ƙari. Can sai idonsa ya faɗa kan ɗan allon da ke bayan kujerar gabansa. Taswira ce, ga inda suka taso, ga inda za su sauka. Amma maimakon layin ya miƙe sak, sai ya lanƙwashe ya haura can sama.

"Kai! Yaron nan ya saki hanya!"

Wata malamar makaranta da ke gefensa ta farka firgigit. "Lafiya, Baba?"

"Ina fa lafiya! Dubi nan, 'yata. Ga hanya miƙaƙƙiya, shi kuma ya ɗauki zagaye. Na san irinsu sarai. Ko fasinja zai tsaya ɗauka? Ni fa haihuwa nake bi!" Ya hau kwance bel, wai sai ya je gaba ya yi wa matuƙin magana, direba da direba.

Ta riƙo hannun rigarsa, dariya na cin ta. Ta ɗauki lemon da ya rage a tirensa, ta ɗiga masa tabo biyu da biro, ta zaro zare daga bakin mayafinta.

"Wannan ce duniya. Ga mu, ga 'yarka. Ja zaren daga nan zuwa nan, ya yi tam."

Ya ja. Zaren ya bi ta ƙeyar lemon.

"Ka gani? Allon a shimfiɗe yake, duniya kuwa a dunƙule. Abin da kake cewa zagaye, shi ne yanke."

Ya juya lemon, ya sake ja, ya kuma. "Ikon Allah! Ashe yaron ɗan hanya ne!" Daɗi ya rufe shi. Kafin ka ce me, ya tashi na bayansa daga barci yana nuna masa lemo da zare.

Sai dai ko yanken ma nisa ne da shi. Teku ya ƙi ƙarewa, ƙafafunsa suka kumbura. Ya zuba wa allon ido, ƙafar damarsa na danna totur ɗin da babu shi, yana raɗa, "Ƙara wuta, yaro, ƙara."

Tayoyi na taɓa ƙasa ya kunna waya, kira ya shigo. Surukinsa ne.

"Baba, naƙuda ta taso, muna asibiti. Za su shiga da ita, ta ce ba inda za ta sai ta ji muryarka."

Aka miƙa wa 'yar wayar, ya ji numfashinta sama-sama. Ya miƙe tsaye, ma'aikaciyar jirgin na ta yi masa alamar ya zauna, hawaye na bin gemunsa.

"Na iso, uwata! Ƙafata na ƙasarku. Shiga, ga ni nan tafe."