Keken Yaya Kafinta

Tun da mota ta taka kafinta aka yanke masa ƙafar hagu, sau ɗaya ƙanensa ya zo duba shi, shi ma a tsaye. Kafinta ne kuwa ya riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, da sassaƙa ƙofofi da kujeru ya kai shi makaranta. Yanzu ƙanen yana da kamfanin robobi, abokan kasuwancinsa na kiransa Ruwan Sama, don ba a tara kuɗin marayu ko na asibiti bai fi kowa zubawa ba. Matar kafinta takan ce ruwan nan kowane gida yana sauka, ban da nasu.

Wata safiya sakataren kamfanin ya zo da albishir. Ƙungiyar 'yan kasuwa za ta raba kekunan guragu a wani otal, kuma maigida ya sa sunan yayansa. Kafinta ya yi murna har ya yi wa matarsa gori, ya ce jini ba ya ƙarya.

Ranar taron aka turo masa mota. Sai a cikin motar sakataren ya yi ƙasa da murya. Ya ce kada ya nuna wa kowa cewa shi da maigida 'yan uwa ne, don manyan baƙi za su ce an yi son kai, wasu kuma su tambayi dalilin da ya sa aka bar shi da sanda har yau. Kafinta ya juya yana kallon titi.

Aka jera shi da sauran guragu a gefen zaure, kusa da ƙofar kicin. Masu kamfanoni suka yi ta yabon juna a lasifika, suna musayar lambobin waya. Da aka zo kansa, mutum biyu suka ɗaga shi suka ɗora a kan sabon keke mai sheƙi. Ƙanensa ya durƙusa a gabansa, ya riƙe hannunsa, ya juya fuska wajen masu hoto.

"Bawan Allah, kana da mai kula da kai kuwa?" in ji shi, ya miƙa masa lasifika.

Kafinta ya dubi fuskar da ya sha wanke wa majina. Ya ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Hawaye ya zubo wa kafinta, zauren ya ɗauki tafi. Wata mai kamfanin magani har da share ido.

Baƙi na watsewa aka sauke shi. Keken na gwaji ne, in ji sakataren, aro aka yi daga wani abokin maigida mai shigo da su, nasa yana hanya. Aka miƙa masa sandarsa da ragowar abinci a leda.

A gida ya ce wa matarsa tayar keken ce ta sami matsala. Ita kuwa ta riga ta ga hoton a wayar maƙwabciya.

Keken bai zo ba. Ruwan Sama kuwa aka zaɓe shi shugaban ƙungiya, ya sami kwangila daga mai kamfanin maganin. Bayan wata da watanni sakataren ya bugo waya. Za a sake taro, baƙi daga nesa, kuma maigida ya ce babu wanda ya taɓa zuciyar mutane kamar kafinta. Wannan karon tabbas zai koma gida da keke. Ya ƙara da cewa in da hali kada ya yi aski.

Matar ta rantse ba zai je ba. Kafinta ya dubi hammatarsa da sanda ta ci ta yi gyambo, ya tambayi sakataren ko za a turo mota.