Ƙafar da Ke Cikin Fayil

Kafin likita, kafin koci, kafin na'urar ɗaukar hoton ƙashi, Baba Mai Layi ne ya fara gani. Shekara talatin da ɗaya yana zana layukan filin tseren kwalejin da farar ƙasa. Ya faɗo daga sandar fitila ya miƙe, maciji ya sare shi a ramin yashin tsalle, macijin ne ya mutu. Bai san bihim ba a takarda, amma sawu a ƙasa, ko na ƙadangare ne sai ya karanta maka.

Da safen nan ya tsuguna bakin layin da bai bushe ba, yana duban sawun ɗalibar da ake kira Barewa, wadda babu mai kamo ta a mita ɗari huɗu. Sawun hagu ya zauna daram. Na dama yana jan ƙasa.

Ya iske ta a ɗakin jinyar 'yan wasa, an naɗe mata ƙafar hagu da ƙanƙara.

"Jikalle, wace ƙafa ke ciwo?"

"Ta dama, Baba. Sati uku ina faɗa."

Mai tausa ta ɗago fayil. "Baba, hagu aka rubuta, kuma ga hatimi. Ciwo yana yawo, mu da muka karanta mun sani."

Ashe ranar da ta yi targaɗen, magatakarda yana fuskantar ta ya rubuta hagunsa. Tun ranar ƙafar hagu take shan gata: ƙanƙara da safe, tausa da rana, bandeji sabo kullum. Ta dama kuwa ko sannu, har idon sawun ya kumbura.

Da hantsi likita ya zo. Ya murɗa ƙafar hagu, ya lanƙwasa, ya ƙwanƙwasa.

"Da zafi?"

"Babu. Amma likita, ɗayar..."

"Ɗayar ba ta da fayil." Ya juya ga koci. "Ban taɓa ganin warkewa irin wannan ba. Ranar Asabar za ta yi gudu."

Barewa ta fito tana ɗingishi, ta zauna kusa da bokitin farar ƙasar Baba. In ta yi gudu a haka, ƙafar ta tafi ke nan. In ta ƙi alhali takarda ta ce lafiya lau, a cire ta daga ƙungiya, gurbin karatun da gudu ya samo mata ya bi.

"Yaya ake yi ƙafa ta samu fayil?" in ji Baba.

"Sai an ji sabon ciwo a fili, a gaban shaida."

"Shi ke nan? Ni da na ga bayan shugabannin kwaleji biyar?"

Da la'asar, koci na tsaye da usur a baki, Baba ya ajiye bokitin farar ƙasa a tsakiyar layi na uku, ya juya baya yana sosa ƙeya. Barewa ta taho a hankali kamar mai raka amarya, ta dubi bokitin, ta kwanta a gefensa, sannan ta tuna ta ture shi da hannu.

"Wayyo ƙafata," ta ce. "Ta dama."

"Koci, ka dai ji," in ji Baba. "Ta hannun cin abinci. A kira magatakarda, ya tsaya a bayanta ya rubuta."

Likita ya dubi kumburin sati uku, ya yi mamakin yadda ya tashi cikin minti biyar. Ya rubuta hutun wata guda, gurbinta na nan. Aka kwance bandejin hagu aka mayar dama. Hoton ƙafar hagun kuma aka manna a allon sanarwa, shaidar ƙwarewar ɗakin jinya.

Washegari aka miƙa wa Baba takardar gargaɗi kan sakaci da bokiti. Ya dubi hatimin, ya ga irin na likita ne sak, sai ya sa ta a gilashi ya rataye a ɗakin ajiyar kayansa.

"Takardar likitanci ce," yake gaya wa duk wanda ya leƙo. Wani malami ya buɗe baki zai karanta masa, Baba ya ɗaga hannu.

"Ajiye karatunka. Barewa na tafiya ko ba ta tafiya? To mai musu ya cire takalmi ya taka min layin nan ɗanye, in ban faɗa masa abin da ke damunsa ba, ya ɗauki bokitin ya tafi da shi."