Kukan da Verna ta ajiye

Tun da Dale Ruskin ya miƙo mata kofi da hannunsa hankalin Verna Holloway ya ƙi kwanciya. Shi ne jarumin shirin kaboyin nan na talabijin, mutumin da ko dokinsa ba a bari a rana. Me zai fito da shi daga inuwa ya zo wurin baƙuwar 'yar wasa ta mako ɗaya? Lallai akwai wata a ƙasa.

Verna ta tsufa a sana'ar fim tana fitowa a matsayin mai goge teburin mashaya a bayan jarumai. Sai yau aka ba ta magana mai nauyi: uwar da aka kashe wa ɗa, ta tare jarumin a bakin rijiya. In fuskarta ta cika allo tana wannan kuka, masu rabon aiki za su tuna da sunanta. In ba haka ba, sai ta koma goge teburi.

"Verna, ki zuba duk abin da kike da shi a ɗaukar nesa," in ji Dale. "Kin ga rana? Ba za ta kai mu ɗaukar kusa ba."

"Iko sai Allah! Yaushe ka fara tausayin baƙi, ranka ya daɗe?"

"Ke dai na gaya miki."

Ta yi murmushi, amma a ranta cewa ta yi: ka makara, yaro. Kowa ya san tsarin. A fara ɗauko mutum biyu daga nesa, sannan fuskar jarumi, sannan ta baƙo. Wanda ya ƙarar da hawayensa a ta nesa, kafin kamara ta matso idonsa ya bushe ƙayau, sai a yanke shi a bar jarumi. An taɓa yi mata haka, da irin wannan murmushin kuwa.

Aka ce a fara. Verna ta faɗi maganarta tsaf, ba kuskure, ta danne kukan a maƙogwaro. Dale ya juya wa kamara baya ya bar mata fili, wannan ma ya ƙara mata zargi. Ya zaro mata ido yana alamar ta saki kukan, ta kau da kai.

"Ya isa!" in ji darakta Pruitt. "A kwashe kaya, a kai wurin dawakai kafin haske ya tafi."

Ta tattare siket ta bi shi da gudu.

"Yallaɓai, ta kusa fa?"

"Wace ta kusa? Ko ta Dale mun soke. Wadda muka ɗauka ita za a nuna." Ya dafa kafaɗarta, idonsa na kan dawakai. "Ba laifi, Verna. Kin yi ba laifi."

Duk rayuwarta abin da ake ce mata ke nan, kuma bai taɓa yi mata ciwo kamar yau ba. Can ta hango Dale a kan doki ya ɗaga mata hula. Ta tsaya tana kallonsa, ta rasa gane ko taimakonta ya so yi, ko kuwa ya faɗi gaskiyar ne don ya san ba za ta yarda ba.