Littafin Da Na Kai Rumfar Aski

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina askin tumaki a yammacin jihar Queensland. Makaranta aji huɗu na yi, da ƙyar nake haɗa jimla. Don haka da 'yata Noeline ta zo gida wata Lahadi da takardu a hannu, ta ce za ta karanta mini labari, sai na tsaya ina kallonta. Nas ce a asibitin garinmu. Ban san ta da rubutu ba.

"Baba, labarin masu aski ne. So nake ka nuna mini inda na yi kuskure."

"Karanta."

Ta fara. Samari biyu ne a rumfar aski ɗaya. An yi ruwa, mai gona ya ce tumaki sun jiƙe, yau babu aiki.

"Tsaya. Ƙarya ce wannan. Mai gona ko ruwa na ɗiga daga jikinsu cewa zai yi a aske. Mu ne muke aske biyu-biyu mu gani, sannan kowa ya rubuta 'jiƙe' ko 'bushe' a 'yar takarda, ya jefa a gwangwani. Kuma wa ya ce miki daga gadon baya ake fara aski? Daga ciki ake farawa."

Ta rubuta, ta ci gaba. Samarin suka tafi bakin rafi. Ɗaya ya kama hannun ɗaya. Na zaci kokawa za su yi. Ba kokawa ba ce. Ɗaya ya ciro kororon roba daga aljihu, ɗayan ya ce a bar shi, ai shi lafiyarsa ƙalau. Mai robar ya ce in babu shi, babu komai. Noeline tana karantawa kamar mai karanta ƙa'idar shan magani. Ni kuwa sai da taba ta ƙone mini yatsa na san tana hannuna.

"Ke! A gidana? Da bakinki?"

"Don samari masu neman maza na rubuta, Baba. Ƙanjamau ta iso nan. Mun ajiye takardun gargaɗi a asibiti wata takwas, ko ɗaya ba a ɗauka ba. Garin nan duk wanda ya miƙa hannu, kafin yamma kowa ya ji. Amma ƙananan littattafan kaboyi da kuke karantawa a ɗakunan kwana, hannu zuwa hannu suke yawo. Irinsu nake so in yi. In suka ga askin da ke cikin labarin na ƙarya ne, za su ce 'yan birni ne suka rubuta, su jefar."

"Babu irin waɗannan a rumfa. Shekara arba'in da ɗaya, ban ga ko ɗaya ba."

"Gawar wa ka ɗauka a watan Afrilu?"

"Graeme Pettit. Ciwon huhu."

Ta girgiza kai.

"Ƙanjamau ce. Uwarsa ce ta ce in daina ɓoyewa," ta ce. "Ta gaji da ƙarya."

Graeme. Yaron da yake aske tumaki ɗari biyu a rana. Ni na koya masa riƙe inji. Na tuna yadda akwatin gawar ya yi mana sauƙi a kafaɗa, har muka kalli juna. Sai kuma na tuna wanda ya kama ɗaya kusurwar, yana kuka irin wanda namiji ba ya yi wa abokin aiki. Ɗana Warrick. Shekara uku ɗakinsu ɗaya da Graeme a duk rumfar da suka je.

Na juya wurin Noeline.

"Warrick ya yi gwaji?"

"Ya yi. Ba ya ɗauke da ita. Amma shekararsa ashirin da huɗu, Baba, kuma tun rasuwar nan bai damu da kansa ba. In na buɗe baki sai ya ce, 'Yaya, an fara wa'azi,' ya fice."

Na fita na zagaya gidan sau uku. Na dawo.

"Koma farko," na ce.

Lahadi huɗu muka yi. Na cire ƙarya goma sha ɗaya. Na sa mai girki mashayi a labarin, don babu rumfar da ba ta da shi. Shafin bakin rafi kuwa ban taɓa ba. In ta zo wurin sai in kalli bango har ta wuce.

Da aka buga, ta ce za ta roƙi direban da ke kai kayan abinci ya saka su cikin littattafan kaboyi a ɓoye. Na ce a'a. Abin da aka tsinta a ɓoye, a ɓoye ake karanta shi, kuma duk wanda aka kama da shi ya shiga uku. Na ɗauki ɗauri guda na sa a mota.

Na isa rumfar da Warrick yake aiki daidai hutun shayin safe. Mutum tara suna zaune a kan buhunan ulu. Duk sun san ni. Rabinsu ni na koya musu aiki.

"Kai, ga tsoho Clarrie! An kore ka daga gida ne?"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ajiye wa kowa littafi a cinya, har mai girki. Wani dogo da ake kira Bluey ya buɗe tsakiya, ya karanta layi biyu, shayi ya fito masa ta hanci.

"Tsoho! Ka san abin da ke cikin nan kuwa?"

"Ni na gyara shi."

Bluey ya murmusa.

"Ashe da tsufanka ka sauya layi? To ni dai ina da mata."

"Matarka ma ta karanta, ko ta san abin da za ta sa ka saka in ka dawo daga mashaya. Kowa zai tafi da nasa. Wanda ya gama ya bar shi a rumfa ta gaba. Wanda ya ga ƙarya ɗaya a askin da ke ciki, ya zo ya same ni."

Aka yi dariya, amma ba wanda ya jefar. Ƙararrawa ta buga, suka tashi, kowa ya cusa nasa a aljihun baya. Ban kalli Warrick fiye da yadda na kalli sauran ba.

Ina buɗe ƙofar mota ya biyo ni. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Baba, wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Shafi na goma sha huɗu. Abin da yaron nan mai robar ya yi, shi za ka riƙa yi. Kullum."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Ban gane abin nan ba, kuma ba na jin zan gane. Amma kai za ka binne ni, ba ni zan binne ka ba. Ka ji?"

Ya daɗe yana juya littafin a hannu.

"Na ji, Baba."

"To koma. Ana jiran ka."